Kare Ɗakin Kwano Daga Zafi da Sanyi: Aikin da Mai Gida Zai Iya Yi da Hannunsa

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Kazaure zuwa Daura, ko ya karkata ya nufi Roni da Gwiwa, ko ya yi gabas zuwa Babura a bakin iyakar Jamhuriyar Nijar, zai lura da yadda rufin kwano ya mamaye garuruwa da ƙauyuka. Tun bayan da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, garuruwan wannan yanki suke ta bunƙasa, kuma kwano ya ci gaba da korar jinka da soro, saboda saurin aikinsa da kuma hutar da mai gida daga gyaran rufi kowace shekara. A bayan gidaje da yawa akan sami wani ɗan ɗaki na kwano, wanda wani ke kiwon kaji a ciki, wani ke ajiye buhunan gero da wake da irin shuka, wani kuma ya mayar da shi wurin sana'a.

Matsalar irin wannan ɗaki sananniya ce. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin iska kan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, ɗakin kan koma tamkar tanda. A Disamba da Janairu kuwa, idan hunturu ya kankama, da asuba sai ka taras babu wani bambanci tsakanin cikinsa da waje. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin haka a kimiyyance, da illar da yake yi wa kaji da iri, sannan ta nuna matakan da mai gida zai bi ya gyara ɗakin da kayan da ke kewaye da shi.

Hanyoyi uku da zafi ke bi

Ƙa'ida ta farko da ya kamata mai karatu ya riƙe ita ce, kullum zafi daga wuri mai zafi yake tashi ya nufi wuri mai sanyi, kuma hanyoyi uku yake bi. Ta farko ita ce ratsawa, wato yadda zafi ke bin jikin abu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kamar yadda cokalin ƙarfe ke ƙona hannu idan aka bar shi a cikin tukunyar miya. Masanin lissafin nan na Faransa, Joseph Fourier, shi ne ya tsara dokar wannan hanya a littafinsa na shekarar 1822. Ta biyu ita ce tashin iska: iskar da ta ɗumama takan yi sakayau ta haura sama, mai sanyi ta maye gurbinta. Ta uku ita ce huci, wato zafin da ke isa jikin mutum ba tare da ya taɓa komai ba, kamar wanda ake ji idan an zauna a gefen murhu. Ta wannan hanya ce zafin rana ke ratso sararin samaniya ya iso ƙasa.

Kazaure tana tsakanin digiri 12 da 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka sau biyu a shekara rana kan tsaya tsaf a tsakiyar ka, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta. A Agusta gizagizai da ruwan sama kan yi mana garkuwa, a Afrilu kuwa babu abin da ke tsakani. Da tsakar rana, idan gari ya yi tangaran, kowane murabba'in mita na rufi yana karɓar ƙarfin hasken rana da ya kusa wat 1,000. Ɗaki mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4 yana da rufin murabba'in mita 12, ke nan kimanin wat 12,000 ke sauka a kansa, daidai da dutsen guga na lantarki goma sha biyu a kunne. Tsohon kwano mai tsatsa yakan haɗiye mafi yawan wannan ƙarfi, har zafin jikinsa ya kai digiri 60 zuwa 70. Da yake kaurinsa bai kai rabin milimita ba, kuma ƙarfe ya fi iskar da ke tsaye saurin ratsar da zafi kusan sau 2,000, nan take zafin ke bayyana a ɓangaren ciki, daga nan ya sauko da huci a kan duk abin da ke ƙasa. Da dare sai al'amarin ya juya: kwanon ya saki zafinsa zuwa sama da irin wannan sauri, ɗakin ya huce tun kafin asuba.

Darasi daga jikin halittu

Masu nazarin halittu sun daɗe da sanin maganin wannan matsala, domin yana nan a jikin dabbobin da muke gani kullum. Idan mai karatu ya lura da kurciya ko kaza da sanyin safiyar hunturu, zai ga ta bubbuɗa gashinta ta kumbura. Abin da take yi shi ne tara iska a tsakanin gashin, domin iskar da aka tsare a ƙananan gurabe, ta kasa motsi, tana cikin abubuwan da suka fi hana zafi wucewa. Gashin da ke bayan raƙumi ma irin wannan aiki yake yi masa a hamada: samansa kan yi zafi ƙwarai, fatar da ke ƙarƙashi kuma ta tsira. An gwada an ga raƙumin da aka aske ya fi wanda ba a aske ba asarar ruwan jiki ta hanyar gumi.

Duk abin da muke kira makarin zafi, daga bargon ulu zuwa farin soson da ake naɗe firji da talabijin a cikin kwali, a kan wannan ƙa'ida aka gina shi. Sirrin yana ga iskar da ke ƙunshe a ciki. Saboda haka karan dawa da na gero, waɗanda cikinsu totuwa ce mai ramuka, da ciyawar gamba, da ɓuntun shinkafa, da ɓawon gyaɗa, da dusar katako, duk makarai ne masu kyau, matuƙar a bushe suke. Idan suka jiƙe, ruwa ya kori iskar, amfaninsu ya ragu ƙwarai, domin ruwa ya fi iska ratsar da zafi fiye da sau ashirin.

Illar zafi ga kaji da iri

Zafin jikin kaza yana tsakanin digiri 41 da 42, kuma ba ta da kafofin gumi a fatarta. Ta fi samun sukuni idan zafin ɗaki yana tsakanin digiri 18 da 24. Da zarar ya doshi 30 sai ta fara haki, ta saki fukafukai, ta rage cin abinci, ta yawaita shan ruwa. Hakin nan yana fitar da zafi ta hanyar tururin ruwan da ke barin maƙogwaro da huhu, amma yana da tsada, domin tare da shi kaza ke fitar da iskar kabon dayoksaid fiye da kima. Wannan iska kuwa da ita jiki ke haɗa sinadarin kabonet, wanda ke gamuwa da kalsiyam a gina ɓawon ƙwai. Dalilin da ya sa ke nan a bazara masu kiwo ke kukan ƙwai ya ragu, ya ƙanƙance, ɓawonsa ya yi laushi yana fashewa a kiret. Idan zafin ya tsananta har na jikinta ya ƙaru da digiri huɗu ko biyar, kaza takan mutu, kuma manyan kajin gidan gona masu nauyi su ne kan fara faɗuwa, galibi tsakanin azahar da la'asar.

'Yan tsaki kuwa matsalarsu kishiyar wannan ce. A makonsu na farko ba su iya riƙe ɗumin jikinsu, suna bukatar digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa da kimanin digiri 3 kowane mako. A ɗakin kwano da daren hunturu sukan taru a lungu ɗaya, su danne juna har wasu su mutu.

Haka nan irin shuka. Ƙwayar gero ko wake da aka ajiye domin damina mai zuwa halitta ce mai rai, tana numfashi a hankali, kuma zafi yana gaggauta tsufanta. Wani masanin iri na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, J. F. Harrington, ya fitar da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk lokacin da zafin ma'ajiya ya ƙaru da kimanin digiri 5, tsawon ran iri kan ragu da rabi, haka kuma idan laimar da ke cikinsa ta ƙaru da kashi ɗaya cikin ɗari. Bisa wannan lissafi, irin da zai yi shekara biyu a digiri 25, shekara guda zai yi a 30, wata shida a 35, wata uku a 40. Manomin da ya jingina buhun irinsa da bangon kwano tun daga kaka har faɗuwar ruwa, bai kamata ya yi mamaki ba idan ya ga shukarsa ta fito jefi-jefi.

Hikimar maginan da

Maginan gargajiya na ƙasar Hausa sun warware wannan matsala ta hanyoyi biyu. Ɗakin jinka yana amfani da ciyawa mai kauri a matsayin makari, kuma iska mai zafi tana silalewa ta tsakanin ciyawar ta fice. Soro kuwa, wanda ake ginawa da tubali a rufe da azara da ƙasa mai kauri, a shafe da makuba ko katsi, wata dabara ce daban. Ƙasa ba ta kai ciyawa hana zafi wucewa ba, sai dai tana haɗiye shi da yawa, ta jinkirta shi na sa'o'i masu yawa, ta yadda zafin azahar ba zai iso cikin ɗaki ba sai bayan rana ta faɗi. Shi ya sa soro ke da sanyi da rana, da ɗumi da dare. Wanda ya riga ya yi rufin kwano ba sai ya rushe shi ba, abin da ake so shi ne ya aro waɗannan dabaru ya ɗora a kai.

Matakan aikin

Mataki na farko shi ne hana rana isa ga kwanon, domin zafin da aka tare a waje ya fi wanda aka bari ya shiga sauƙin magani. A goge tsatsa da burushin waya, a wanke ƙura, a shafa farin fenti shafi biyu. Farin fenti mai tsabta yana mayar da kimanin kashi 70 cikin ɗari na hasken rana, ko fiye. Wanda bai da halin fenti zai iya shafa farar ƙasa a watan Fabrairu, da sanin cewa damina za ta wanke ta, sai an sake. Ƙurar hunturu tana dusashe farin, don haka a wanke rufin kafin bazara ta shigo. Wata hanyar ita ce a yi wa kwanon rumfa: a shimfiɗa zana ko karan dawa a kan sanduna, a bar tazarar kamar taƙi guda tsakaninsu da kwano domin iska ta riƙa wucewa, a ɗaure da waya sosai saboda guguwar farkon damina. Idan aka ɗora kara kai tsaye a kan kwano, zai riƙe laima da damina ya jawo tsatsa. Bishiyar darbejiya a yammacin ɗaki tana tare ranar la'asar, wadda ita ce mafi tsanani a kan bango.

Mataki na biyu shi ne silin da makari a samansa, kuma nan ne mafi yawan ribar take. A buga katakai a ƙarƙashin rufi, tazarar santimita 60 tsakaninsu, a bar fili tsakaninsu da kwano. A kan katakan a shimfiɗa asabari ko tabarmar kaba ko allon silin. Sannan a sami ɓuntun shinkafa daga injin casa, a shanya shi ya bushe sarai, a ɗura a tsofaffin buhuna har su yi kaurin santimita 10 idan an kwantar da su, a ɗinke baki, a jera su a saman silin gefe na taɓa gefe ba tare da giɓi ba. Inda babu ɓuntu, dammunan karan gero ko zana ninki uku za su wadatar. Kauri santimita 10 na irin waɗannan kaya yana hana zafi ratsawa kamar bangon ƙasa da ya fi mita guda kauri. Ga lissafin misali: a ɗakin nan namu mai murabba'in mita 12, idan zafin da ke saman silin ya fi na ɗaki da digiri 20, abin da zai ratso bai wuce wat 150 ba, alhali kwano tsirara yana iya sauko da fiye da wat 1,000. Sai dai a kula da nauyi, domin ɓuntun da zai rufe wannan fili zai kai kilo 120 zuwa 150, dole katakan su zama masu ƙwari.

Akwai kuma takardar alminiyam mai sheƙi da ake sayarwa a shagunan kayan gini. Aikinta tare huci ne, domin abin da take fitarwa na huci kaɗan ne ƙwarai, wajen kashi 5 cikin ɗari na abin da baƙin abu zai fitar. Sharuɗɗanta biyu ne: a bar iska aƙalla santimita 2 zuwa 3 a gaban fuskar mai sheƙi, kuma fuskar ta kalli ƙasa, domin idan ta kalli sama ƙura za ta lulluɓe ta cikin hunturu guda, amfaninta ya tafi.

Mataki na uku shi ne bai wa iska hanya. Filin da ke tsakanin kwano da silin yana bukatar kafofi a ƙasa, wajen bakin rufi, da wasu a can sama, domin iska mai zafi ta fice mai sanyi ta shigo. A toshe kafofin da ragar waya saboda tsuntsaye da jemagu da ɓeraye. Cikin ɗakin ma yana bukatar tagogi masu fuskantar juna. Wannan ya fi zama wajibi a ɗakin kaji, domin kowace kaza murhu ce ƙarama, makari kuwa kamar yadda yake hana zafin waje shiga, haka yake hana na ciki fita. Har ila yau kashin kaji yana fitar da iskar amoniya mai lahani ga idanu da huhunsu. Idan mutum ya shiga ɗakin ya ji wari yana yi masa yaji a ido, to, iska ta yi ƙaranci.

Mataki na huɗu shi ne bango. Idan na kwano ne, a kafa zana daga waje da tazarar taƙi guda, ko a tayar da bangon tubali daga ciki, musamman a gabas da yamma. Wanda zai gina sabon ɗaki ya miƙar da tsawonsa daga gabas zuwa yamma, yadda gajerun bangaye ne za su fuskanci fitowar rana da faɗuwarta, ya kuma ɗaga rufin ya zarto da bakinsa domin ya yi wa bango inuwa.

Ya kamata a fahimci iyakar wannan aiki. Makari ba ya ƙirƙirar sanyi. Idan iskar waje ta kai digiri 41, mafi kyawun abin da zai yi shi ne ya kusanto da ɗaki zuwa zafin inuwar bishiya. Mai son ya sauka ƙasa da haka sai ya nemi taimakon ruwa, domin kowace lita da ta zama tururi tana ɗauke zafi mai yawan gaske. Wannan ita ce ƙa'idar randa, kuma a kanta Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Dutse, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta yaɗu a ƙauyukan Jigawa ta kuma jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A ɗakin kaji, buhun algarara da aka jiƙa aka rataya a tagar da iska ke shigowa yana yin irin wannan aiki a busasshen zafin Maris da Afrilu. Idan damina ta kusa, iska ta cika da laima, amfaninsa kan ragu. A ɗakin ajiyar hatsi kuwa kada a kusanto da ruwa ko kaɗan.

Abubuwan da za a kiyaye

Kara da ciyawa da katako abincin gara ne, ita kuwa daga ƙasa take hawowa ta cikin hanyoyin laka da take ginawa a jikin bango. Kada zana ko katako ya taɓa ƙasa kai tsaye, a ɗora su a kan dutse ko siminti, a riƙa duba bango kowane wata ana kankare hanyoyinta. Ɓuntun shinkafa ya fi kara jure gara da ruɓewa saboda yawan sinadarin silika da ke jikinsa, amma ɓeraye na son sheƙa a cikinsa, don haka a toshe duk wata kafa da ɗan yatsa zai iya shiga. A ɗakin kaji, zana da kara kan zama maɓoyar ƙuma, gara a sa allo mai santsi ta ɓangaren da kaji suke, ko a riƙa sauya zanar duk shekara.

Wuta ita ce babban haɗari. Duk wayar lantarki da za ta bi ta saman silin a sa ta cikin bututun roba, kada a binne mahaɗarta a cikin ɓuntu, kada kuma ƙwan fitila mai zafi ya kusanci ciyawa. Farin soso yana ci da wuta da sauri, hayaƙinsa guba ne, kaji kuma suna tsattsage shi su haɗiye, saboda haka sai an rufe shi da allo. Yoyon rufi ma a toshe shi kafin a ɗora makari, domin jiƙaƙƙen ɓuntu yana haifar da fumfuna, wadda a wurin ajiyar gyaɗa da masara ke iya kawo gubar afalatoksin mai lalata hanta. Sannan a guji tsofaffin allunan silin na asbestos da ake cirowa daga tsofaffin gine-gine. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa kowane nau'in asbestos yana haddasa sankara, kuma haɗarin yana cikin ƙurar da ke tashi idan an yanka allon ko an fasa shi.

Da hunturu, wannan silin da ya tare zafin bazara shi zai riƙe ɗumin ɗaki da dare, ya rage gawayin da ake ƙonawa domin 'yan tsaki. A sakaya tagogin arewa da gabas, inda iskar hunturu ke bugowa, amma a bar kafa a sama. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe kaji, tana kashe mutum.

Kammalawa

Kimiyya ba ta karɓar magana sai da awo, kuma awon wannan aiki ba shi da wuya. A sami ma'aunin zafi guda biyu, a rataya ɗaya a tsakiyar ɗaki daidai tsayin kaji ko buhuna, ɗaya a inuwar bishiya a waje. A rubuta abin da suka nuna da ƙarfe 6 na safe, da 2 na rana, da 9 na dare, har kwana bakwai kafin a fara aiki, a kuma maimaita bayan kowane mataki. Bambancin da ke tsakanin ciki da waje shi ne zai nuna wane mataki ya fi biyan kuɗinsa. Wannan bincike ne da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, za su iya gudanarwa a gidajen iyayensu, su kwatanta ɓuntu da kara da zana a yanayin wannan yanki.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne bayan girbi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, sa'ad da kara da ɓuntu suke a wadace kuma a bushe, kwano bai yi zafin da zai hana hawa ba. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da farar ƙasa da kafofin iska, waɗanda ba su da tsada, ya bi da silin idan hali ya samu, ya tabbatar ya gama kafin watan Maris ya kama.